Ƙarar Na'ura A Kufan Tasha: Wa Zai Fara Tonon Tarihin Reluwe A Zamfara?

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Maradun ba. Bai je Bakura ba, bai kuma leƙa Talatar Mafara ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya yi tafiyar kimanin kilomita 220, sannan ya ja birki a Ƙaurar Namoda a shekarar 1929. Tun daga ranar ake ta alkawarin za a miƙa shi zuwa Sakkwato, gwamnati ta zo ta faɗa, ta tafi, wata ta zo ta maimaita, har aka kusa cika shekara 100 bai ƙara ko taku ɗaya ba. Saboda haka mai karatu yana da damar ya tambaye ni, ina ruwan ɗan Maradun da maganar tsofaffin tashoshin jirgi? Amsata ita ce, dogon bai zo mana ba, amma mu mun je masa. Gyaɗar kakanninmu, wadda mu a nan muke ce wa gujiya, da audugarsu, wadda muke ce wa kaɗa, da ƙirgi da fatun dabbobinsu, a kan jakai da raƙuma suka riƙa tafiya Gusau da Ƙaura ana ɗora su a sikeli. Kuɗin harajin da aka karɓa a ƙofar hakimanmu shekara da shekaru, kaso mai yawa a bakin waɗannan tashoshi aka samo shi. Duk abin da ya faɗi a ƙasar wurin ya nutse, muna da gado a ciki.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wata na'ura da ta zama ruwan dare a yammacin Zamfara, wato na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda jama'a suka fi sani da injin neman zinare. Sanda ce mai faifai a ƙasa, mai ita yana tafe yana shara da ita dama da hagu kamar mai sharar tsakar gida, da abin sauraro a kunne. Faifan yana ɗauke da naɗin waya da ke tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'urar ta juya amsar ta zama ƙara. Masu kyau daga cikinsu suna iya rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa gwargwadon hali, duk da cewa jar ƙasarmu mai marmara tana rikita su, domin ita kanta cike take da sinadarin ƙarfe. Abu mai girman kwabo ba kasafai ake jin sa ba in ya wuce zurfin kamu ɗaya. Wannan iyaka tana da muhimmanci, zan dawo kanta.

Asalin na'urar ba shi da alaƙa da neman dukiya. A 1881 Alexander Graham Bell, mutumin da ya shahara da ƙirƙiro tarho, ya harhaɗa irinta don a gano harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, bai dace ba, shugaban ya rasu. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Folan mai suna Józef Kosacki ya ƙera wadda ake ɗauka a hannu don gano nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a fagen El Alamein na Masar a 1942. Bayan yaƙi ne ta faɗa hannun farar hula. Zuwanta yankinmu kuwa ta hamada ta biyo: guguwar neman zinare ta tashi a Sudan wajen 2010, ta ƙetara Chadi, ta isa Jado a arewacin Nijar a 2014, ta kai Muritaniya a 2016. Samarinmu da yawa sun je waɗannan wurare, wasu sun dawo da abin hannu, wasu da bashi, wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun zo da sanin aikin na'urar, kuma suka tarar da ƙasar Anka da Bukkuyum da Maru tana jiran su.

Kowa ya san abin da zinare ya jawo mana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa duwatsun ma'adinai a cikin gidaje. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya saboda ta'addancin 'yan bindiga, ba ta ɗage haramcin ba sai a Disambar 2024. Ba wannan ne batuna a yau ba. Batuna shi ne, na'ura ba ta san zinare kaɗai ba. Wanda ya saye ta da kuɗi masu ciwo, ko ya karɓo ta haya a kan za a raba riba, in daji ya gagari shiga, dole ya nemi wurin da zai kunna ta kusa da gari. Wurare biyu ne za su fara zuwar masa a rai: kufan tsofaffin birane, da filayen tashoshin jirgi da ciyawa ta cinye.

A Ingila wannan abu sana'ar nishaɗi ce ta dubban mutane, akasarinsu dattawa masu cin fansho. Ƙasar tana da yasassun tashoshi birjik, domin rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000, kuma an rufe mafi yawansu. Mutum yakan nemi izinin mai fili, ya yini yana shara, ya koma gida da maɓallin rigar ma'aikacin jirgi, ko tsohon kwabo, ko alamar tagulla mai lambar tarago. Wani lokaci kuma sa'a takan faɗo. A 2009 wani mai suna Terry Herbert ya tono tarin kayan zinare da azurfa na ƙarni na 7 a wata gona a Staffordshire, aka yi musu kuɗi sama da fam miliyan 3, aka raba tsakaninsa da mai gonar, kayan kuma suka tafi gidajen tarihi. Abin lura a nan shi ne tsarin da ya sa mutumin ya kai rahoto maimakon ya narkar. Dokarsu ta 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci abin da ya kai matsayin taska ya sanar cikin kwana 14, ta kuma tabbatar masa da ladan da ya yi daidai da farashin kasuwa. Ga ƙananan abubuwan da ba su kai wannan matsayi ba, sun kafa wani shiri a 1997 inda mutum zai kai abin da ya samu a auna, a ɗauki hoto, a rubuta daidai inda ya fito, a mayar masa da kayansa. Ta wannan hanya an rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya. Ban ce can babu ɓarayi ba, akwai masu shiga wuraren tarihi da dare. Sai dai an sa gaskiya ta fi sata riba, kuma wannan dabara ce da ba ta buƙatar mutane su zama waliyyai.

To, me ke kwance a ƙasar tashar Ƙaura ko ta Gusau ko ta Tsafe? In mai na'ura yana tsammanin tukunyar zinare, kallon kitse yake yi wa rogo. Abin da zai cika masa kunne shi ne baƙin ƙarfe: ƙusoshi, notuna, gutsattsarin dogo, gwangwanaye, murafun kwalba. Tsakanin wannan tarkace ne ake samun abin da talaka ya yar. Akwai anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, akwai taro da sisi da sule da dala. Akwai dalmar da ake liƙe ƙofar tarago da ita bayan an yi lodi, da duwatsun awo na tagulla, da kwaɗo da makullai, da maɓallan kakin ma'aikata, da ƙarfen linzamin doki da ƙararrawar wuyan jakin da ya kawo kaya. A kasuwa duka ba su taka kara sun karya ba. A wurin mai nazarin tarihi kuwa kowane ɗaya shaida ne, kuma shaidar mutanen da ba su bar takarda ba.

Ɗauki anini kawai. An fara buga shi a 1907, da sanholo, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, amma yanayinmu ya riƙa cinye shi, sai aka koma wani gaurayen ƙarfe mai ƙarko. An yi masa huda don mutanen da suka saba shirya wuri a zare, tufafinsu kuma ba su da aljihu irin na Bature, su samu yadda za su ɗaure shi. An rubuta darajarsa da haruffan Larabci domin a lokacin su ne haruffan da mai karatu a ƙasar Hausa ya sani. Goma ne kwabo ɗaya, kuma an yi shi ƙanƙane haka ne don ya maye gurbin wuri a cinikin daddawa da gishiri. Wato wannan ɗan ƙarfe shi ne makamin da aka kashe kuɗin kakanninmu da shi. Da Bature ya ce haraji sai da kuɗinsa, manomi ba shi da hanyar samun su sai ya noma abin da kamfani ke saye, ya kai inda jirgi ke tsayawa. Har ma akwai abin mamaki: Sarkin Ingila Edward na 8, wanda ya yi murabus a 1936 kafin a fitar da kuɗi masu sunansa a ƙasarsa, a nan Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa sun shiga hannun jama'a. Mutumin Landan bai kashe kuɗin wannan sarki ba, mai tallar fura a bakin tasha ta kashe. Na girma na tarar da irin waɗannan kwabbai a gidajenmu, wasu a cikin gwangwanin allurar tsofaffi, wasu an buga ƙusa ta hudarsu an danne kwanon rufi da su. An daina karɓar su, muka yi wasa da su, muka zubar.

Kada a ɗauka ina begen zamanin Turawa ne. Dogon nan ba don ƙaunarmu aka shimfiɗa shi ba, an yi shi ne don kaya su gangara teku. Da gumin talakawa aka yi shi, da yawa ta hanyar aikin tilas da aka ɗora wa sarakuna su tara mutane. Kalmar diga ta shiga Hausa da ɗacinta, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa sukutum a kan aikin a lokacin da ake shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Amma ɗacin abu ba ya hana shi zama tarihi. Jirgin ne ya juya taswirar ƙasar Zamfara. Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, ba ta kai Anka ko Zurmi tsufa a sarauta ba, amma tasha ta kawo mata kantunan kamfanoni irin su UAC da John Holt, da injin gurzar auduga, da Kwarori, da Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe da akawuna, da Sabon Gari. Ranar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, 1 ga Oktoban 1996, babu wanda ya yi dogon musu a kan inda hedikwata za ta zauna. Wanda yake son ya gane dalilin da ya sa ɗan Bakura yake zuwa Gusau neman sa hannu, ya fara da tashar jirgi.

Sannan abin ya mutu a hankali. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. An sha ba da kwangilar gyaran layin Zariya zuwa Ƙaura, an sha yin bikin tayar da jirgi, amma yaron da aka haifa a Ƙaura cikin shekarun nan ya fi sanin tasha a matsayin sunan unguwa.

A yanzu mutum uku ne ke da sha'awar abin da ke cikin irin wannan ƙasa. Akwai mai neman zinare, wanda in ya tono kwabo zai yi tsaki ya jefar, ko ya zuba a aljihu ya ba yara. Akwai ɗan gwangwan, wanda komai a wurinsa kilo ne. Shi ne ya fi kowa gaggawa, kuma ba ya buƙatar na'ura domin abin da yake so a fili yake. Jami'an tsaro sun sha kama motoci maƙare da dogo da ƙarafan da ake gittawa a ƙarƙashinsa a jihohin Arewa daban-daban, an yanka su da wuta za a kai kamfanonin narka ƙarfe. Ba yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu nake zargi ba, yunwa ce ta fito da shi. Mai tirela da mai murhun narkawa su ne ba a cika ganin fuskarsu a gaban alƙali ba, an bar jaki ana dukan taiki. Na ukun shi ne dillalin kayan tarihi, wanda ya fi su duka wayo da haƙuri, kuma mun riga mun ɗanɗana aikinsa.

A shekarun 1990 aka yi wa yankin Kwatarkwashi, nan kusa da Gusau, tonon rubdugu saboda mutum-mutumin yumɓu na dubban shekaru da ke cikin ƙasarsa, irin wanda aka yi wa yankin Nok. Mutanen ƙauye suka yi haƙa a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba, kayan suka bi ta Kwatano da Lome suka ɓulla a shagunan Faris da Burasal. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, amma ihu ne bayan hari. Asarar ba ta tsaya ga tafiyar kayan ba. An fizge su daga inda suke ba tare da an rubuta zurfi ko abin da ke kewaye da su ba, don haka ko an dawo da su gobe, bebaye ne. Su wane ne suka yi su, me suke ci, ina suka tafi, duk amsoshin suna cikin ƙasar da aka watsar da shebur. Kwatanta wannan da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda masana suka yi haƙa a tsanake a 1992: kayan tagulla da na ado da aka samu a kaburburan sun nuna yadda sarakunan wurin suke da hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa ƙarnoni da suka wuce. Ƙasa iri ɗaya, hannu daban.

Nan ne iyakar na'urar da na ambata take da amfani. Tunda ba ta jin ƙaramin abu sai a kamu ɗaya na sama, a filin tasha, inda ƙafa da kofato da tayar mota suka riga suka dama ƙasar, ɓarnar da mai na'ura zai yi kaɗan ce muddin ya rubuta inda ya samu abu. A kufan tsohon birni kuwa, irin Alƙalawa ko Surame ko tsofaffin garuruwan Zamfarawa da ke warwatse a dazuzzukanmu, ƙara ɗaya takan sa a haƙa rami mai zurfin gaba, a farfasa tukwane, a tone kabari. Ra'ayina ke nan a taƙaice: tashoshin jirgi su ne wurin da ya dace a koya wa mutane yin wannan aiki bisa ƙa'ida, domin a hana shi a inda ba a iya gyara ɓarnarsa.

Sai dai ƙa'idar tana ina? Filin tasha da duk abin da ke kansa mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, wadda aka kafa a 1955. Yasasshe ba ya nufin marar mai shi, kuma wanda ya shiga ya yi tono ba da izini ba ya taka doka. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne bisa tsarin mulki. Kayan tarihi kuma suna ƙarƙashin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta hana haƙar neman su ba da lasisi ba, ta hana fitar da su waje, ta kuma ce a sanar da hukuma in an ci karo da su. Amma dokar ta fi mayar da hankali ga kayan da aka yi a gida, har ta sa 1918 a matsayin iyaka ga aikin hannu, alhali dogonmu ya zo bayan haka da shekara 11, ƙarafansa kuma daga Ingila aka kawo su. Ƙararrawar tasha da agogonta da sikelinta sun faɗa tsakanin hukumomi biyu, kowace tana iya cewa ba nata ba ne. Uwa uba, dokar ta iya hani amma ba ta iya lada ba. Wanda ya kai abin da ya tsinta ofis, abin da ya fi tsammani shi ne tambayoyi, in bai yi sa'a ba har da kwana a caji ofis. Wa zai kai?

Abin ban sha'awa shi ne malamanmu na zaure sun daɗe da warware irin wannan matsala a babin fiƙihu. Sun raba tsakanin rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka binne ba a san mai ita ba, wadda ake fitar da humusi a bar wa mai rabo saura, da luƙaɗa, wato tsintuwa, wadda ake cigiyarta shekara guda in tana da daraja. Ko ba komai, tsarin ya san abu biyu da dokarmu ta boko ta manta: mai tsintuwa yana da haƙƙi, jama'a ma suna da haƙƙi, kuma bayyanawa ita ce sharaɗin halasci. A jihar da ta yi shelar aiki da shari'a tun 1999, ban ga abin da zai hana a gina tsarin rajistar kayan tarihi a kan wannan fahimta da kowane ɗalibin Risala ya sani ba.

Mu mutanen Maradun ba ma buƙatar a ba mu labarin yadda wuri ke ɓacewa. Madatsar ruwan Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ta tashi mutane kimanin 13,000 daga gidaje da gonakin gado, aka mayar da da yawa sabon matsuguni. Rikicin diyya ya kai ga abin da ya faru a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta ce mutum 20 da 'yan kai ne suka mutu, wasu masu bincike suka ce 386. An auna gonaki don biyan kuɗi, an ƙirga itatuwa, an yi jayayya a kan kowace kadada. Amma unguwanni da masallatai da maƙabartu da marina da maƙeru da ruwa ya rufe, yau sai a bakin tsofaffi ake jin fasalinsu, kuma kowace shekara bakunan suna raguwa. Wannan yanki namu na Mafara da Bakura da Maradun ya fitar da gwamnoni uku, Ahmad Sani Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, shekara 20 ke nan a kan kujera in an haɗa. Ina ganin ba rashin kunya ba ne in ɗan yankin ya tambaya a wane ɗaki aka ajiye tarihin garuruwan da ke ƙarƙashin tafkin.

Na san abin da za a ce: ana ta rai wa ke ta kayan tarihi? Mutumin da bai iya zuwa gonarsa ba, wanda aka sace masa ɗa, wanda ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gero, za a zo masa da zancen anini? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Hasali ma akwai wani haɗari na zahiri: a ƙarshen 2024 nakiyoyin da aka binne a hanyar Ɗansadau sun tashi da motoci, wato na'urar da Kosacki ya ƙera don nakiya ta sake samun aikinta na asali a jiharmu, kuma duk wanda aka gani yana yawo da ita a bayan gari dole a yi masa kallon tuhuma. Amma a lokacin rikici ne ake kwashe irin waɗannan kaya, domin ido ya koma wani wuri; haka aka yi a Iraƙi, haka aka yi a Mali. Kuma tashoshin Gusau da Ƙaura a cikin gari suke, ba a dajin Sububu ba. Aikin da nake magana a kai bai kai kuɗin rakiyar motocin babban mutum ɗaya zuwa ɗaurin aure ba.

Ga yadda nake ganin za a fara. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma a bakin wannan layin dogo take. Akwai Jami'ar Tarayya a Gusau, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura, akwai ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Talatar Mafara, duka cike da ɗaliban da ake tilasta wa rubuta kundin kammala karatu a kan batutuwan da aka tauna aka zubar. A nemi izinin hukumar jiragen ƙasa a rubuce, a zaɓi tasha ɗaya, a raba filinta murabba'i-murabba'i, a ɗauko samarin nan da suka ƙware da na'ura a Jado a biya su ladan yini, su yi shara ɗalibai suna rubutawa. Kowace wayar hannu ta zamani tana iya nuna daidai inda mutum yake tsaye, tana iya ɗaukar hoto. Abin da aka samu a wanke, a sa masa lamba, a ajiye a ɗaki ɗaya na ginin tashar. A Ebute Metta ta Legas wata ƙungiyar sa-kai ta gyara tsohon gidan ma'aikatan reluwe, wanda ake kira gidan Jaekel, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi. A Jos an adana ragowar ƙaramin jirgin da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Bukuru har aka rufe layin a 1957. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, jihohi ma suna da hurumi a harkar jiragen ƙasa, don haka Gusau ba za ta ce sai ta jira Abuja ba. A wajen tasha kuma, a buɗe littafi a fadar kowane hakimi: wanda ya tsinci tsohon abu a gona ko a ramin zinare ya kawo a ɗauki hoto, a rubuta wuri, a mayar masa, in kuma abin mai muhimmanci ne a saya a hannunsa da farashin da ya fi na dillali.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfen gaggawa. Kwabon da ya yi shekara 80 a ƙasa zai iya ƙara 10 bai canza ba, in ɗan gwangwan bai riga mu ba. Mutumin da ya shiga aikin reluwe yana ɗan shekara 20 a 1960 kuwa, yau ya haura 80. Suna nan a Gusau da Ƙaura da Funtuwa, tsofaffin direbobi da masu zuba gawayi da masu juya dogo da 'yan dako, da matan da suka yi tallar abinci ta tagar tarago. A ƙauyukanmu na Maradun da Bakura ma akwai sauran waɗanda suka kora jakai zuwa awo suna yara, sun san zangon da ake kwana, sun san nawa ɗan baranda yake zaftarewa a kowane buhu, sun san ta wane gefen sikeli akawu yake sa ƙafa. Su ne za su nuna wa mai na'ura inda rumfar awo take da inda ake biyan kuɗi, domin a nan ne kwabo ya fi faɗuwa. Ɗalibin da zai je wurinsu ba ya buƙatar izinin kowace hukuma. Waya mai caji da goron gaisuwa sun ishe shi, kuma ya je da hantsi, kafin rana ta yi zafi tsoho ya gaji.